Ɗakin da Baffa Ya Gina da Ɗanyen Tubali

Talata: Kano zuwa Bebeji

Na fito daga gida ƙarfe shida saura kwata na safe, gari bai gama wayewa ba, da jakar kyamara a kafaɗa da kayan sawa kala biyu a leda. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baffa Sule, ƙanin mahaifina, wanda yake zaune a wurina tun da ƙafa ta ƙi. Na same shi a kan buzu yana lazimi. Bai katse ba, ya dai ɗaga mini yatsa ɗaya, na gane nufinsa kada in manta da saƙonsa.

Ni mai hoto ne. Shekara talatin ina ɗaukar amare da 'yan makaranta da masu neman fasfo, har wayar hannu ta zo ta raba mu da kasuwa. Da na rufe shago sai na koma ɗaukar abin da ba ya cewa a sake, ba ya ƙorafin an baƙanta masa fuska, wato katanga. Abin da na fi bi shi ne tubali, curin ƙasar nan mai faɗin gindi da tsinin kai da ake mulmulawa da hannu, da kuma kududdufan da aka haƙi ƙasarsa. Matata tana cewa da tsufana na koma zawarcin kango. Ba ta yi ƙarya ba, domin tubali ba ya ganuwa sai bango ya zube ko yaɓe ya kware. Lafiyayyen gini ba shi da abin da zai nuna mini.

Saƙon Baffa kuwa ga shi. Shi magini ne, ya yi shekaru yana bin garuruwa da rani. Da ya ji ina shirin zagaya kudu, sai ya kira ni ya sa na rufe ƙofa, ya faɗa mini abin da ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana saurayi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan, maigidansa ya bar masa aikin ɗaki ɗaya a wani ƙauye bayan Doguwa, gidan wani manomi Malam Iro, ɗakin da mahaifiyar mai gidan za ta shiga. Hadari ya fara haɗowa, busasshen tubali ya ƙare, shi kuma hankalinsa ya koma gida wajen shuka. Sai ya ƙarasa ginin da tubalin da bai kwana huɗu a rana ba, ya yaɓe a kai, ya rufe ɗaki, ya sulale da asuba ko sallama bai yi ba. Bai sake taka yankin ba.

"Habu," in ji shi, "ka je ka gano mini. In yana tsaye ka ɗauko mini hotonsa. In ya faɗi ka tambayo mini wa ke ciki. Ba na so in tarar da tambayar nan a can ban san amsarta ba."

Motar Bebeji ta cika ƙarfe shida da minti ashirin da biyar. Ƙaramar mota ce, mu biyu a gaba, huɗu a baya, buhun taki biyu a but. Muka bi hanyar Zariya, muka wuce Kura ana shanya shinkafa a bakin titi, muka sauka Bebeji ƙarfe takwas saura minti goma. Tafiyar kilomita hamsin ce ko kusa da haka.

Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na tambayi inda tsohon kududdufin gari yake. Mai ƙosai ta dube ni, ta dubi takalmina, ta ce, "Alhaji, in wanki za ka kai, ruwan ya ƙafe." Na ce ramin nake nema, ba ruwan ba. Ta nuna mini hanya.

Ramin ya kai faɗin filin ƙwallo, gefensa ya yi matakai-matakai inda kowane zamani ya tsaya da haƙa. Duk gidajen da ke kewaye daga cikinsa suka fito. Na ɗauki gefen gabas tun rana ba ta yi sama ba, lokacin da inuwa ke fito da sawun diga. A can ƙasa wani dattijo, Malam Garba, yana jera tubali a rana, zai gyara zaurensa kafin ruwa. Bayan mun gaisa na tambaye shi yadda ake gane ɗanye da busasshe.

Ya ɗauki guda ya miƙo mini. "Wannan fa?"

Na juya shi, na ƙwanƙwasa, na ce ya bushe ƙarau.

Ya karɓa ya buga shi da dutse ya rabe biyu. Bayansa fari, cikinsa baƙi. Ya ce in kara a kumatuna, na kara, na ji sanyi kamar gindin randa. "Kwanansa biyar," in ji shi. "Ido ba ya gane shi. Sai ya yi sati biyu, ana juya shi. In ka sa wannan a gini ka yaɓe, ka kulle ruwa a cikin bango, na sama kuma yana zuwa."

Na ce, "Baba, in an yi haka, dole ne ya faɗi?"

"Dole sai ikon Allah. Amma ni ba zan kwana a ciki ba."

Na ɗauki hoton tubalin a rabe a tafin hannunsa. Hoto ne mai kyau, yana cikin mafi kyawun da na samu a tafiyar. Na kuma yanke shawarar ba zan nuna wa Baffa shi ba.

Kiru

Ƙarfe goma sha ɗaya na hau babur zuwa Kiru, tafiyar minti arba'in da tsayawa sau ɗaya don shanu su tsallaka. Bazara ce, rana tana dukan ƙeya. Duk inda muka gifta ana ta gyaran gida, amma yawanci da bulon siminti ko bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwatin katako. Wannan ba ya burge ni, duk kamarsu ɗaya kamar 'yan makaranta a layi.

A wani lungu bayan kasuwa na yi karo da abin da nake nema. Katangar wani gida ce ruwan bara ya kware mata yaɓe, tubali sahu goma sha ɗaya a fili, kowanne gindi ƙasa kai sama, har da shatin yatsun wanda ya mulmula su. Ban yi sallama ba, ban nemi mai gida ba, na durƙusa na fara aiki. Na ɗauki hoto shida sai na ji murya a kaina.

"Malam, lafiya?"

Mai gidan ne, mutum mai kimanin shekaruna, da buta a hannu. Na miƙe na yi bayani, na ma yaba masa ginin.

Ya ce, "Duk gidajen garin nan ba ka ga na ɗauka ba sai wanda ya yi tsirara? Ka kai birni a ce ga gidan wane, ko yaɓe ya gagare shi? Ka dawo jibi, na sa an kwaɓa ƙasa. In an yaɓe ka ɗauka har ka gaji."

Na ce in an yaɓe ai ba abin da zan ɗauka.

"To ka ga ke nan ba gidana kake so ba, asirina kake so."

Gaskiya ya faɗa. Na goge hotunan shida yana kallo, raina yana ƙuna. Da ya ga na goge sai ya sauko, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya raka ni da kansa wani kango a bayan gari wanda masu shi suka tashi tuntuni. "Wannan ba shi da mai jin kunya," in ji shi. Na yi awa guda a ciki. Tubalinsa bai kai na farkon kyau ba, amma na samu.

Daga Kiru na shiga mota zuwa Kwanar Ɗangora, na yi sallar la'asar a can, na sake shiga wata zuwa Tudun Wada. Na sauka ƙarfe biyar da rabi a gidan wani tsohon abokina, Malam Tijjani, malamin makaranta da ya yi ritaya. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da kifin Tiga. Ya tambayi abin da zai kai ni Doguwa, na ce katanga. Ya ce Allah ya shirye ni.

Laraba: Tudun Wada zuwa Doguwa

Da safe Malam Tijjani ya kai ni bakin wani rafi inda wasu mutane suka taɓa gasa jan bulo, suka bari da itace ya yi wuya. Abin da ya rage tudu ne na fasassun bulo, wasu ja, wasu baƙi inda wuta ta yi yawa, ga ƙofar murhun har yanzu a tsaye, tumfafiya ta fito a bakinta. Wani mai lambu ya kwashi masu kyan ya yi wa rijiyarsa baki da su. Na ɗauki tudun, na ɗauki rijiyar. Mai lambun ya ce in ɗauke shi shi ma, ya gyara hula, ya ƙame. Na ɗauke shi, ya duba ya ce a sake.

Ƙarfe goma da kwata muka tashi a bas mai cin mutum goma sha huɗu. Kafin dajin Falgore akwai shingen jami'an tsaro. Wani daga cikinsu ya ga jakata ya ce in buɗe, ya ce in nuna masa abin da ke cikin kyamarar. Ya yi ta latsawa: rami, bango, rami, bango, tubali a hannun tsoho.

"Baba, kai ɗan kwangila ne?"

"A'a."

"To me za ka yi da su?"

"Ajiyewa."

Ya miƙo mini kayana ya ce Allah ya kiyaye hanya. Direba ya ja mota, ya ce da ni, "Alhaji, gaba in an tambaye ka ka ce ɗan kwangila ne kai, ya fi saurin fahimta."

Cikin dajin ba wanda ya yi hira. Bishiyoyi sun fara sabon ganye, alamar ruwa ya kusa, muka ga birai a gefen titi da garken shanu can nesa. A nan na lura da wani abu game da kaina. Kwana biyu ina addu'ar in sami bangon da ya zube, yau kuma ina tafiya wajen bango ɗaya tak da nake so in tarar a tsaye. Kuma ko a hakan, can ƙasan raina, mai hoton yana cewa in ya zube ɗin za a ga tubalin. Ban ji daɗin kaina ba.

Mun isa Doguwa ƙarfe goma sha biyu da minti hamsin. Ƙasar nan ta bambanta da tamu, ga duwatsu, ga jar ƙasa, ga gonakin masara da rake. Bayan azahar na zauna da wasu dattawa a inuwar masallaci na ce ina neman gidan Malam Iro. Suka ce wane Iron, don sun san uku kuma duk sun rasu. Na ba su alamar da Baffa ya ba ni: ƙauye a gindin wani dutse mai kama da rumbu, da tsamiya biyu a bakin kududdufi.

Wani mai farin gemu ya ce, "Iro na gindin dutse ke nan. Tsamiyar saura ɗaya. Ɗansa Malam Hamisu yana nan, shi ke karantarwa a garin."

Ƙauyen Gindin Dutse

Mai babur ya ɗauke ni ƙarfe uku, muka bar kwalta muka bi burtali, muka tsallake busasshen rafi sau biyu. Ƙarfe huɗu saura minti biyar na hango dutsen. Lallai rumbu ne, har da hularsa.

Malam Hamisu ya haura sittin, siriri ne, mai magana a hankali. Ya sallami ɗalibansa, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce ni mai hoton tsofaffin gine-gine ne daga Kano, ya ce madalla. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar shekarun zauren da inda ake ɗebo ƙasa, idona kuwa yana ƙofar cikin gida. Baffa ya ce ɗakin yana hannun dama da shiga. Daga inda nake ina hango hannun daman, ba ɗaki a wurin, sai fili da turken awaki.

Ana cikin haka wata mata ta ɗaga murya daga ciki tana cewa a kai wa awaki dusa Ba-sallama. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne Ba-sallama?"

Ya yi murmushi. "Sunan wancan filin ne. Yaran gidan nan da shi suka tashi, ba su san mafarinsa ba. Wani ɗaki ne aka taɓa yi a wurin."

Daga nan na daina ɓoye-ɓoye. Na faɗa masa ko ni wane ne, da wanda ya aiko ni, da tambayar da aka ba ni. Ya ɗago ya dube ni.

"Maginin nan yana raye?" in ji shi. "Ikon Allah. Dogo, mai waƙa in yana aiki?"

Na ce dogo dai har yanzu, waƙa kuwa ban taɓa ji ba.

Ya ce, "Ina da shekara bakwai lokacin. Na Inna ne ɗakin, kakata, kuma ni nake kwana a wurinta. Ranar da aka gama har ta sa an shigar mata da randa da tukwane. Da gari ya waye Baba ya zo zauren nan ya tarar da tabarmar magini a naɗe, ba shi ba kayansa. Ya daɗe a tsaye. Sai ya shiga gida ya ce ba mai kwana a ɗakin nan sai damina ta wuce ta kansa. Inna ta yi faɗa, ta ce an yi mata ɗaki an hana ta. Baba ya ce mutumin da ya ci tuwonmu wata guda ya tafi bai ce sai wata rana ba, ba mu ya guje wa ba, aikinsa ya guje wa."

"Sai ya faɗi?"

"Cikin marka, da rana tsaka, muna zaune a nan muna jiran ruwa ya ɗauke. Bangon gabas ne ya fara, rufin ya bi shi. Ba kowa a ciki. Randar Inna ce ta tafi, da tukwanenta, kuma har ta bar duniya ba ta daina zancen randar nan ba." Ya gyara zama. "Ka ga da ya tsaya ya yi sallama kamar kowa, aka yi masa godiya aka raka shi bakin hanya, a daren za mu shiga, ni da ita."

Na sake dubansa. Mutumin da ke gabana, da gemunsa da ɗalibansa da jikokinsa da nake jin hayaniyarsu, shi ne amsar da aka aiko ni nema.

Na ce Baffa yana neman gafara. Ya ce, "Inna ta yafe wa kowa kafin ta cika. Ban ji ta sa magini a ciki ba, ban kuma ji ta cire shi ba." Ya yi 'yar dariya, sannan ya daina. "Ka ce masa ni Hamisu na yafe, duniya da lahira, da nawa da na iyayena. Yaro ne ya yi kuskure, Allah kuma ya tsare."

Na nemi izini kafin in fito da kyamara, ya sa mata suka kauce, ya shiga da ni. Ba ko gutsuren tubali ɗaya. Ƙasar tun a shekarar aka sake kwaɓa ta aka yi rumbu, rumbun ma ya yi zamaninsa ya wuce. Na ɗauki filin yadda yake, awaki uku da kwanon dusa. A duk aikina ban taɓa ɗaukar hoton da ba shi da komai kamar wannan ba. A zauren na kwana, bayan tuwon masara da miyar kuka, kuma kafin in tafi muka karɓi lambar juna.

Alhamis: Komawa gida

Na bar ƙauyen ƙarfe bakwai, bayan na yi sallama da kowa har da matan gida ta bayan katanga. Mota ta tashi daga Doguwa ƙarfe tara da minti goma, muka sha rake a Tudun Wada, taya ta yi faci kusa da Kwanar Ɗangora muka yi rabin awa a gindin mangwaro. Na shiga gida ƙarfe uku da minti ashirin. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na kuma gode wa Malam Garba da Malam Tijjani da mai gidan nan na Kiru da ya koya mini neman izini da furfurata.

Ko takalmi ban gama cirewa ba na ji Baffa yana kira. Na shiga na durƙusa, na fara ciro kyamara, ya ce in bar ta.

"Ya faɗi?"

"Ya faɗi, Baffa."

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa. Randa ce da tukwane."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi har ya nutsu, sannan na ba shi labarin daga farko, da maganar Malam Iro, da sunan da filin ya samu, da yafewar Malam Hamisu. Da na zo kan bangon gabas ya gyaɗa kai ya ce, "Sahu shida na sama. Nan na sa su."

Sannan ya ce, "Yaron nan yana da waya?"

Na ce yaron ya haura sittin, kuma yana da ita. Na kira, ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Na gaisa da Malam Hamisu na ce ga Baffa, na kara masa wayar a kunne don hannunsa ba ya riƙo. Ya gyara murya, ya yi ƙoƙarin miƙe bayansa kamar mai tsayuwa a ƙofar zaure.

"Salamu alaikum. Malam, maginin nan ne. Na gama aiki, zan tafi gida. Na zo in yi muku sallama."